Ƙafafun Bulama Huɗu

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta Gadarif ya san Mato mai angarib. In idonsa bai san shi ba, bayansa ya san shi, don a kan aikin hannunsa yake kwana. Angarib shi ne gadon nan namu, ƙafa huɗu na itace, a saƙa tsakiya da igiya. A kansa ake haihuwar mutum, a kansa ake sa masa lallen aure, a kansa kuma ake ɗaukarsa zuwa makwancin ƙarshe. Shi ya sa Mato kan ce ba ya bin kowa ciniki. In ka kuɓuce masa a na tsakiya, yana nan yana jiranka a na ƙarshe.

Mutum ne siriri kamar karan dawa, in iska ta taso sai Batulu matarsa ta ce ya riƙe gudumarsa da kyau. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya a nan ya yi noman riɗi na damina ɗaya don ya sami guzuri. Daminar nan ɗaya ce har yau ba ta ƙare ba. Mato kuwa tun yana yaro shi da gona ba sa ga maciji. Ya ce ƙasar da za ta cire maka takalmi ta haɗiye da damina, ba zai ba ta ƙarfinsa ba. Sai ya bi wani kafinta a kasuwa, ya koyi fafe ƙafa da saƙa. Ya saƙa da fata, ya saƙa da kaba, da igiyar roba ta shigo ya yi ta zaginta, wai igiya ce marar uwa marar uba. Daga baya shi ne ya fi kowa iya haɗa launinta.

Hali biyu gare shi da muka sani, mu da danga ɗaya ta raba mu da gidansa. Na farko, ba ya iya ganin itace huɗu masu tsawo ɗaya ya wuce. Hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Ya taɓa yanka taɓaren Batulu guda biyu ya yi ƙafafun kujerar tsuguno, ranar sai a gidanmu aka yi musu daka. Tun daga nan Batulu a ƙarƙashin gado take ɓoye taɓarya, muciya kuma a cikin buhun gero.

Na biyu, ba ya ba da gado sai an gwada. Shi kuwa in ya hau, gadon ba ya ma sanin an hau shi. Don haka yake kiran amininsa Uzairu mai man riɗi, ƙaton mutum, wanda raƙumin da ke juya masa turmin matsa yake kallonsa da tausayin kansa. Uzairu zai zo ya kwanta, ya juya dama, ya juya hagu, ya sha jabana, wato gahawarmu ta tukunyar ƙasa. In gado bai yi kuka ba, Mato ya ce, “Halas, shi ke nan, wannan zai ɗauki amarya da ƙawayenta.”

A cikin 'ya'yansa akwai Mardiyya, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa. Don haka bakinsa bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Ita ce ta yi karatu har Hartum, ta gama, ta kuma komawa ƙarin karatu a kan kimiyya. In ta zo hutu, maimakon ta zauna a yi mata kitso, sai ka gan ta tana bin bola tana tara fasassun jarkoki da ledoji, tana roƙon manoma karan riɗin da suke ƙonawa bayan girbi.

Wata rana Mato ya kasa haƙuri.

“Uwata, na tura ki Hartum ki zama daktora, kin dawo kina takara da awaki a kan leda.”

“Baba, aikin ke nan. Ka ga robar nan, in da idonka zai iya shiga cikinta, za ka ga zare ne dogaye dogaye, kamar carbi marar iyaka, sun cukurkuɗe da juna. Shi ake kira bolima. In na narka shi na zuba garin karan riɗi, sai karan ya zame masa ƙashi. Abin da zai fito ya tsaya a madadin katako, gara kuma ba ta samun abinci a jikinsa yadda take samu a itace.”

“Wane ne Bulama kuma?”

“Bolima, Baba.”

“Na ji. Bulama dai. Ɗan Barno ne? Iyayensa sun san da maganar?”

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce masa wahalar ita ce roba ba ta son ruwa, kara kuwa mashayin ruwa ne, ba sa kama juna sai an zuba wani sinadari da zai shiga tsakani. Mato ya gyaɗa kai, ya ce wannan ya gane, waliyyi ke nan, ba a ɗaura aure sai da shi. Daga ranar duk unguwa ta ɗauka. In Mardiyya ta wuce sai mata su ce, “Ina angonki Bulama?”

Sai yaƙi ya ɓarke a Hartum. Mutane suka yi ta kwararowa Gadarif, mota bayan mota. Mardiyya ta iso da tsakar rana, ƙura har gira, tana jan jaka ɗaya mai nauyi. Batulu ta buɗe jakar tana neman kayan wanki, sai ta tarar da sanduna huɗu, kowanne tsawon kamu ɗaya, kaurin dantsen Uzairu, launin ƙasa-ƙasa, an manna wa kowanne 'yar farar takarda mai lamba.

“Ke yanzu mutane na gudu da gwal, ke kin gudo da itacen wuta?”

Mardiyya ta karɓe su. Ta naɗe su a tsohon mayafi ta tura bayan randa. Aikinta na shekaru ke nan, abin da ya rage. Injuna da komai sun zauna can.

Gidan Mato ya cika da dangi. Mardiyya ta bar wa gwaggonta Jummare gadonta, ta koma tabarma. Ba wannan ne ya dami Mato ba. Yarinyar da muke jin muryarta ta danga tun asuba, tana gardama da rediyo, ita ce ta koma kamar an zare mata harshe. Ta yi wanke-wanke, ta zauna ta zuba wa bango ido. Leda ta wuce ta gabanta iska na kaɗawa, ko kallo. In mata sun tambayi Bulama sai ta ce, “Ya mutu.” Mato ya ga 'yarsa na shirin binne abin da ta fi so da ranta, ta bi shi ramin. Shi kuwa bai iya lallashi da baki ba. Abin da ya iya, gado.

Itace a lokacin ya yi wuya, kowa na neman abin kwanciya. Ranar da Batulu ta ja Mardiyya zuwa Shuwak gaisuwar rasuwa, Mato ya je shan ruwa, ƙafarsa ta taɓa ƙunshin nan a bayan randa. Ya buɗe. Huɗu. Tsawo ɗaya. Hannu ya fara ƙaiƙayi.

A gaskiya ya yi tunani, kada a ce bai yi ba. Ya tuna ta ce abin nan madadin katako ne. To mene ne amfanin katako a bayan randa? Ya ce a ransa, bari ta dawo ta tarar Bulamanta ya tashi tsaye da ƙafa huɗu, ta kuma bar kwanan ƙasa. Tsuntsu biyu da dutse ɗaya, in ji shi.

Ya fara da kankare takardun nan, don sun ɓata kyan ƙafa. Ya kawo kurfi ya shiga fafe ramuka. Ɗaya ya yi masa laushi, kurfi na shiga kamar a sabulu. Ɗaya kuwa da ya buga sai gefensa ya ɓalle ya yi tsalle har cikin tukunyar Jummare. Sauran biyun suka bi shi lafiya. Ya haɗa da sandunan gefe na itacen da ya ɓoye don ranar larura, ya saƙa da igiya shuɗiya da fara, irin saƙar da yake yi wa amaren masu hali. Ya kira Uzairu. Gado bai ce uffan ba.

Da suka dawo, Mato na zaune a ƙarƙashin rakuba, rumfar nan ta ciyawa, ya harɗe ƙafa kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

“Uwata, zo ki ga.”

Ta zo. Ta dubi saƙar, ta dubi ƙasa. Sai ta durƙusa ta shafa ƙafar gadon, ta zagaya ta shafa ta biyu.

“Baba, ina lambobin?”

“Waɗanne? 'Yan takardun nan? Na kankare su.”

“Ka tuna wacce ke jikin wacce?”

“Ai duk Bulama ne.”

“Ba ɗaya ba ne. Haɗi huɗu ne daban. Ɗaya karansa kaɗan ne, ɗaya karansa ya yi yawa, biyu matsakaita, ɗaya da sinadarin nan ɗaya babu. Da inji za a danne su a ga wanda ya fi. Yanzu an huda su, kuma ban san wane ne wane ba.”

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ya ce, “Malesh, yi haƙuri, Uwata.” Ta ce, “Ba komai, Baba,” irin ba komai ɗin da ya fi mari zafi. Ta shige ta shimfiɗa tabarmarta.

Batulu ce ta biya mata bashin faɗan. Mun ji ta tana cewa, “Malam, taɓarya na yafe, amma wannan hannun naka sai an kai shi wurin mai ruƙiya.”

Gadon ya zauna a ƙarƙashin rakuba ba mai hawa. Mato ya daina cin abinci sosai, shi da dama ba wurin ragewa. Gaisuwa ce kawai ke haɗa shi da 'yarsa. Uzairu kuwa, da yake ba ya ganin gado a banza kamar yadda amininsa ba ya ganin itace a banza, sai ya mai da shi wurin ƙailularsa. Kullum bayan azahar zai ɗaure raƙumi, ya zo ya baje, a cikin zafin nan na kafin damina da ke narka kwalta.

Ana nan sai muka lura Uzairu na gangarowa. Zai kwanta a tsakiya, ya farka a kusurwa. Ƙafa ɗaya ta fara lanƙwasa a hankali, ba ta karye ba, ba ta tsage ba, sai dai ta sunkuya kamar tsoho. Unguwa ta samu abin yi. Aka sa masa suna gado mai ruku'u. Masu wucewa su leƙo su ce, “Mato, gadonka ya idar ko da sauran raka'a?”

Tun da Mato ya fara sana'a gadonsa bai taɓa karkacewa ba. Ga kunyar 'ya, ga kunyar gari. Wata safiya ya ɗauko guduma da wata ƙafar itace, ya kifa gadon zai cire abin kunyar nan.

“Kar ka taɓa.”

Mardiyya ce a bakin ƙofa, hannunta da kumfar sabulu. Ta zo ta tsuguna, ta rufe ido ɗaya tana duban lanƙwasar.

“Tun yaushe ta fara?”

“Tun da wancan tulun ya mai da shi gidansa.”

“Da kake fafe ta, yaya ka ji ta?”

“Laushi. Kamar sabulu.”

“Wannan ita ce mai ƙarancin kara. Roba ce ta yi mata yawa. In nauyi ya daɗe a kanta ga zafi, zaren nan na ciki sai su riƙa zamewa a kan juna kaɗan kaɗan.” Ta matsa ga ta gaba, ta sa yatsa a inda ya ɓalle. “Wannan fa?”

Mato ya sunkuyar da kai. “Kurfi ne ya zame.”

“Ba kurfi ba ne. Kara ne ya yi mata yawa, ta yi tauri ta rasa haƙuri. Biyu ke nan na gane.”

Rabon da ya ji ta jera magana da ɗoki haka tun kafin yaƙi. Ya tsaya da guduma a hannu, yana tsoron ya motsa abin ya tashi kamar tsuntsu.

“Sauran biyun fa, Uwata?”

“Su sai ruwa ya faɗa mana. Wadda ba ta da waliyyi za ta sha ruwa ta kumbura. Mai da shi yadda yake, Baba. A wurin da yake. Kuma Baba Uzairu ya ci gaba da kwanciya.”

Da Uzairu ya ji an ce barcinsa ya zama aiki, sai ya nemi ƙarin jabana. Bai san abin da ke jiransa ba. Mardiyya ta ce dole ta san nauyinsa, aka tasa shi gaba har kasuwar amfanin gona, aka ɗora shi a kan ma'aunin buhunan riɗi. 'Yan dako suka taru, wani ya tambaya ko a ɗinke bakin buhun. Daga nan ta kafa masa doka: kada ya ƙaru, kada ya ragu, kada ya canza gefen da yake sa kai.

“'Yar nan, matata ma ba ta yi mini wannan mulkin ba.”

“Kai ne injina yanzu, Baba Uzairu. Inji ba ya cin kwano biyu.”

Kowace Juma'a takan ɗaure dutse a zare ta saka a gefen ƙafar nan mai ruku'u, ta ja layi da gawayi a jikin ginshiƙin rakuba. Mato ne mai riƙe zaren. Sau ɗaya ya kawo shawara, wai a shafa wa ƙafafun man riɗi kamar yadda ake yi wa itace don su yi ƙarfi. Ta dube shi kawai. Ya mai da kwalbar aljihu.

Ya tambaye ta ko wannan ya isa ya maye injin Hartum. Ta ce a'a. Ba malamin da zai karɓi Uzairu a matsayin hujja, kuma abin da aka huda an huda. Amma zai nuna mata inda za ta sake farawa, in za ta sake. Mato ya riƙe “in” ɗin nan a ransa kamar garwashi.

Damina ta sauka. Baƙar ƙasar nan tamu ta jiƙe ta zama kunu, tsakar gida sai da bulo ake takawa. Batulu ta ce a shigar da gadon ɗaki, uba da 'ya suka haɗa baki suka ce a'a, karo na farko da suka tsaya gefe ɗaya. Ƙafafun suka yi ta tsayuwa a laka. Mai yawan karan nan ta fara yin gari-gari a inda ta ɓalle. Sauran biyun kuwa shiru, har Mato ya fara zuwa da sassafe yana matsa su da yatsa kamar mai zaɓen kankana. Can wajen tsakiyar damina, ta hagun ta yi furfura a gindi, ta kumbura har ramin ya matse sandar gefe. Ta damar tana nan yadda take, ka ce jiya aka yi ta.

Shi ya fara gani. Bai taɓa ba. Ya je bakin ƙofa ya yi gyaran murya.

“Uwata, ina jin mun gano mai waliyyi.”

Ta fito ba takalmi, ta taka lakar nan. Ta daɗe a tsugune. Da ta miƙe sai ta ce, “Baba, za ka iya yi mini akwatin ƙarfe mai tsawon ƙafar nan, da murfin da za a danne? Kuma ramukan a ciki za mu fitar da su tun abin na da zafi. Ba kurfi.”

“Ba kurfi,” in ji Mato.

Da aka yi girbi ta koma bin manoma tana roƙon kara. Ta samo tsohon tandun burodi aka kafa a bayan gida inda iska ke wucewa, tana tsaye a kansa da ƙyalle a hanci, tana faɗa da duk wanda ya ƙara wuta, wai narkawa ake so ba ƙonewa ba. Na farko ya fito da ramuka kamar kisra, wainar nan tamu ta dawa, na biyu ya manne a akwatin sai da aka yi kwana ana ɓanɓara. Muryarta ta dawo mana ta danga, har wasu suka fara cewa da shirun ya fi. Batulu yanzu abu biyu take ɓoyewa, taɓarya saboda uba, robar wanki saboda 'ya.

Da suka samu ƙafa uku masu kyau, aka cire mai ruku'u da 'yan uwanta biyu, aka bar mai waliyyi, Mardiyya ta naɗe su ta ajiye, ta ce shaidu ne. Kafin a haɗa sababbin, Mato ya sa ƙusa a wuta ta yi ja, ya ce ta faɗa masa lambar kowacce. Shi da bai taɓa rubuta ko sunansa ba, ya zana su a jiki, zurfi, yana ciza harshe.

“Wannan ko ni ban isa in kankare ba.”

Azahar ta yi, Uzairu ya ɗaure raƙumi ya shigo yana hamma, sai ya tarar da wurinsa a cike. Mardiyya ce kwance a kan saƙar nan shuɗiya da fara, ta rufe fuska da mayafi. Mato na zaune a ƙasa kusa da ita yana kora ƙuda da mafici.

“To ni fa?” in ji Uzairu.

“An sallame ka. Je ka ci kwano biyu.”

“Bayan duk hidimar da na yi wa ilimi?”

Daga ƙarƙashin mayafi Mardiyya ta ce, “Baba, kusurwar nan tana ɗan ƙara.”

Mato ya kasa kunne, ya danna da tafin hannu. “Wannan ba laifin Bulama ba ne, Uwata. Saƙata ce ta saki. In kin tashi na ja ta.”

Ba ta tashi ba sai la'asar.